Fenaritin da Na Sanar Kafin In Buga

Shekarun baya, ina ɗalibi a Alƙahira, mu 'yan Arewa muka kafa ƙungiyar ƙwallo. Shekararmu ta farko ce, ko riguna iri ɗaya ba mu da su, wurin atisayenmu kuwa wani lungu ne a Abbasiya, tsakanin motocin mutane. Sai aka shirya gasar baƙi mazauna gari, aka ce wanda ya ɗauki kofi shi ke da wani filin ciyawa a Madinat Nasr duk yammacin Juma'a har shekara ta zagayo. Ni ne kyaftin, kuma da bakina na yi wa 'yan wasana alkawarin filin nan.

Babban makaminmu Hausa ce. A gaban abokan karawa muke tsara komai da ƙarfi: "Bi ta hagu, mai tsaron bayansu ya gaji!" Haka muka lallasa ɗaliban Indonesiya, muka bi ta kan 'yan Somaliya. Ni da na kawo dabarar har tafiyata ta sauya.

Wasan ƙarshe ya haɗa mu da 'yan Sudan na unguwar Arba wa Nus. Larabci kawai ke fita daga bakinsu, amma duk inda muka tura ƙwallo sai mu tarar da mutum yana jira. Na ce sa'a ce. Golansu dogo ne siriri, na yi ta tsokanarsa ina cewa wannan sandar raken iska ma ta ishe shi.

Saura minti biyu, suna da ɗaya muna nema, aka ba mu fenariti. Abokina ya ƙwala mini kira, "Kyaftin, ina za ka sa ta?"

Na ce, "Ƙasa, hannun damansa. Ba ya iya sunkuyawa."

Na buga ta daidai inda na faɗa. Golan ya riga ta isa.

Da aka tashi ina zaune a ƙasa, sai ga golan ya miƙo mini hannu. Da Hausa tsantsa ya ce, "Yi haƙuri ɗan'uwa. Da ka yi shiru, wallahi hagu zan faɗa. Sandar rake ta gode."

Ashe kakansa daga Haɗeja ya taso a ƙafa zuwa aikin Hajji, zama ya kama shi a Sudan. Rabin 'yan wasansu da Hausa iyaye ke yi musu faɗa a gida.

Mun koma lungunmu shekara guda cur. Duk sanda ƙwallo ta doki mota mai gadi ya fito yana masifa, sai abokaina su haɗa baki: "Ƙasa, hannun dama!"

Har gobe ina nan a kan bakana, bugun ba shi da aibu, bakin ne ya ja mana. Rashin filin ya daɗe da barina, amma kunyar sandar raken nan ba ta sake ni ba. Tun daga ranar, ko a motar haya na ga mai baƙuwar fuska, sai na fara yi masa sannu da Hausa kafin in ce komai a kansa.