Gwaggo Mai Tanderu

Ƙanwar babanmu ce, amma kowa a gida Gwaggo Mai Tanderu yake ce mata. Baba ne ya laƙaba mata sunan, wai ta yi karatun ƙarfe har furfura ta fito, ga shi ko cokali ba ta taɓa ƙera mana ba.

A wani ƙaramin ɗakin bincike take aiki. Takan narka titaniyam da alminiyam da ɗan banadiyam, ta yanka gutsattsari kamar maɓallan riga, ta rufe su a tanderu na tsawon makonni. In ta fitar sai ta tsoma su a ruwa, ta goge har su yi sheƙi, ta leƙa su a madubin ƙara girma. Abin da take nema shi ne yadda ƙwayoyin cikin ƙarfen ke zama a kowane zafi, bayan sun gama sauyawa sun natsu.

Wata shekara, ana dab da buɗe tanderun, wuta ta ɗauke, janareta kuma ya ƙi tashi. Zafi ya sauka, da wuta ta dawo ya sake hawa.

Abokin aikinta ya ce, "Haba Malama, ɗan wannan? Mu auna kawai, ga taron da za mu gabatar da sakamako ya matso."

Ta ce, "Da wannan ƙarfen ake yi wa mutane madadin ƙashin ƙugu. Masu ƙerawa abin da muka rubuta za su ɗauka, ba za su tambaya ko an ɗauke mana wuta ba."

Ta kwashe su duka ta ajiye gefe, ta narka sababbi. Taron ya wuce ba da ita ba. Ranar ta zo gidanmu ido jajur, ta zauna ko takalmi ba ta cire ba. Baba bai tsokane ta ba, da kansa ya zubo mata abinci.

A zagaye na biyu ta ga wasu ƙananan ɗige-ɗige a gutsattsarin da alminiyam ya yi yawa, irin masu sa ƙarfe saurin tsagewa. Ta kawo hotonsu gidanmu da gudu.

"Yaya, duba!"

Baba ya juya shi sama da ƙasa. "Wannan ai tsohuwar tabarma ce."

Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Yanzu ta bar aiki. Gugar ƙarfe ta cinye zanen babban yatsanta, wayarta ma ba ta gane shi, sai dai ta danna lambobin buɗewa tana mita.