Ɗanyar Dawa da Masu Ambaton Kawu

Mutanen Tozai sun ɗauka Kawu likita ne da ya kasa aikinsa. Ana ce masa Dokta, amma bai taɓa yi wa kowa allura ba. In ya zo hutu daga jami'ar da yake koyarwa, tsofaffi su cika zaurenmu da ciwon gwiwa da ciwon baya, shi kuwa ya ce su tafi asibiti a Isa. Su fita suna cewa, "Wanga wane irin dokta na?" Ba su fahimta ba. Kawu, ƙanen Inna, ba mai ba da magani ba ne. Aikinsa binciken yadda jiki ke aiki, da yadda guba ke tsayar da shi. Sai a shekarar fari ta biyu, wadda na gama sakandare ina zaune gida, na ga abin da hakan ke nufi.

Ruwa ya ɗauke dawa tana iya gwiwa. Ganyenta ya naɗe, ya yi wani shuɗi-shuɗi, ta tsaya nan ba ta gaba ba ta baya. Abin da aka saba a wurinmu, in gona ta ƙi, sai a yanke ta ɗanya a kai wa dabbobi, kada a yi asara biyu. Haka muka yi. Inna tana da awaki, kuma a shekara irin wannan awakin nan su ne rumbunta. In hatsi ya ƙare, su za a kai kasuwa a dawo da gero.

Bunsurun ne ya fara. Shi ne mai ƙarfi, mai ture kowa daga abinci. Ya ci ya ƙoshi, kafin ruwan tuwo ya tafasa ya soma haki, jikinsa na rawa, ya faɗi. Baba ya fito da wuƙa da gudu don kada ya zama mushe, ni na riƙe ƙafafu. Jinin da ya fito bai yi kama da jinin yanka da na sani ba. Ja ne wur, kamar nunannen tattasai, babu duhu ko kaɗan. Na ce, "Baba, dubi jinin." Ya ce, "Riƙe ƙafa ke dai." Akuya ta biyu ma haka, ta uku ma haka.

Maƙwabta suka shigo jaje, kowa da nasa. Wata ta ce maciji ne, wata ta ce baki ne, aka fi rinjaye a kan yunwa. Wannan ya fi ba ni haushi. Yunwa ta bar ramammu ta ɗauki masu ƙiba? Amma Inna ta yarda, kuma da ta yarda sai ta ƙara yawan dawar. Saura akuya guda, baƙa, mai ciki, matsoraciya, wadda a da sauran ke korewa sai ta tsinci abin da ya bushe a gefe. Yanzu babu mai korar ta.

Ranar kasuwar Sabon Birni Kawu ya sauka daga kabu-kabu da buhun masara a bayansa. Ban bari ya gama shan ruwa ba. Na ce, "Kawu, mi ka sa jinin akuya ya yi ja wur?"

Inna ta ce, "Ke, bari mutum ya huta mana."

Kawu ya ajiye ƙwaryar. Ya ce, "Wacce ta fara faɗuwa, mai ci ko marar ci?" Na ce mai ci. Ya ce, "Mi kunka ba su?" Na nuna masa dami a bakin turke, baƙar ta riga ta sa baki. Ban taɓa ganin Kawu ya yi gudu ba sai ran nan. Ya fizge damin ya jefa bayan danga, da babbar rigarsa da komai. Inna ta ce, "Ƙanena, ka zo ka kashe mini ita da yunwa?" Ya ce, "Yaya, abincin ne ka kashe su."

Muka zauna a zaure, ni da shi da Baba, wanda ya sallami ɗalibansa na karatun littattafai. Kawu ya ce dawa in ƙishi ya kama ta tana ƙarama, sai ta tara guba a ganye. In akuya ta ci da yawa, gubar ta saki a tumbi ta shiga jini. Na ce to sai ta ruɓar da jinin? Ya ce a'a, jinin lafiyarsa lau. Aikin jini ya ɗauko iska daga huhu ya kai wa tsoka, in ya sauke sai ya yi duhu. Gubar nan tsokar take hana karɓa. Jini ya je da kayansa ya komo da kayansa, shi ya sa yake ja. Akuyar tana numfashi, jikinta na shaƙewa.

Na daɗe ina juya wannan. Na ce gero fa? Ya ce karan gero ba shi da wannan halin. Na ce in dawar ta bushe? Ya ce in ta bushe ƙayau yawancin gubar na fita, amma ko a haka kaɗan-kaɗan, kuma ba ga akuyar da cikinta ba komai ba. Na ce, "Tun yaushe ka san wannan?"

Ya ce, "Ba ni na gano ba, an daɗe da sani. Amma na yi rubutu a kan irin wagga guba tun kina goye."

"Wa ya karanta?"

Nan ya gyara zama, na ga abin na yi masa daɗi. Ya ce in masani ya gama bincike sai ya buga a mujallar masana. Duk wanda ya zo baya ya ɗora nasa aiki a kan naka, dole ya ambace ka. Ana bin sawun ambaton, da shi ake gane ko aikinka ya yi tasiri ko ya kwanta. Ya ce nasa an ambace shi har a ƙasashen da ni sai a darasin labarin ƙasa na ji su.

Baba ya ce, "Af! Isnadi ke nan. Wane ya karɓo daga wane, daga wane." Kawu ya ce, "Shi ne, Malam, shi ne sak." Suka kama hira kamar ba su ne suka shekara suna yi wa karatun juna kallon gefe ba. Baba har yana tambaya ko a cikin masu ambaton akan sami maƙaryaci, Kawu ya ce ana samu, ana kuma kama shi.

Ni haƙurina ya ƙare. Na ce, "Kawu, a cikin masu ambaton naka akwai mai akuya?"

Ya yi dariya, sa'an nan dariyar ta tsaya. Ya ce, "Ɗiyata, ba a lissafa mai akuya. Sai wanda ya rubuta." Na ce to awakin Inna uku ba su iya rubutu ba. Baba ya ce, "Ke, ladabi." Kawu ya ce, "Ƙyale ta, Malam. Ban taɓa tsammanin ana yanke dawa ɗanya a gidan Yaya ba. Ban kuma tambaya ba."

Inna ta leƙo ta ce, "Ku malammai, kun hana akuyar ci, to mi za ta ci?" Aka tashi. Muka shanya sauran dawar a kan rufin ɗaki, na tafi tsintar 'ya'yan gawo, aka haɗa da karan gero na bara da ɗan dusa. Baƙar ta rame har ƙashin bayanta ya fito, Inna na kallonta, ni kuma tana hararata. Amma akuyar ba ta faɗi ba. Bayan Kawu ya koma ta haifi tagwaye, ɗaya ya rayu.

Kafin ya tafi na tsare shi ya sake faɗa mini bayanin tun daga farko, ina katse shi duk inda ya sa Turanci, har sai da ya zauna mini da irin Hausar da Inna za ta gane. Domin a hanyar Unguwar Lalle na ga jakuna ɗauke da ɗanyar dawa, kuma na san inda za a kai ta.

Ban iya rubuta mujalla ba, kuma ba na da lokacin jira. Na yanke shawara za ni fara da rijiya, da safe, lokacin da mata ke shayar da awaki. Za ni tambaye su wacce ta fara faɗuwa da kuma launin jininta, don su gani da kansu kafin su ce yarinya ce ke surutu. In sun ce wa ya gaya miki, za ni ce na karɓo daga Kawu.