Allurar da Aka Tsinta a Ƙofar Amarya

Gidan da nake haya a unguwar Maamobi gida ne na mutane da yawa. Ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, igiyoyin shanya sun gitta ta sama. Akwai Dagomba, akwai Zabarmawa, akwai Kotokoli, ga mu Hausawa, kuma da Hausa muke faɗa, da Hausa muke shiryawa. A nan na haifi 'ya'yana, a nan mijina ya rasu, a nan na tsufa.

Ni ba tela ba ce, ban taɓa taka keken ɗinki ba. Koko da ƙosai na sayar a bakin titi har ranar da gwiwa ta ce ta gaji. Ɗinkin hannu kuwa uwata ce ta koya mini tun ina ƙarama, kuma shi ya rage mini da na zauna. Ba ya cin komai. Allura ce da zare, sai ƙyallayen da telan bakin lungu yake sharewa, sai kayan fos na kasuwar Kantamanto, gwanjon nan da Turawa suka gaji da shi. Da su na yi matasai, na yi hulunan jarirai, na yi jakar carbi, na yi wa wandunan makaranta faci a gwiwa da mazaunai.

Haka aka saba a gidan: wadda kayanta ya yage sai ta ajiye a bakin tagata, ba sallama, ba roƙo. In na gama in mayar wurin, mai shi ta ɗauka. Wata ta aiko mini da wake da shinkafa a ganye, wata ta cika mini bokiti, wata ba ta yi komai ba, kuma duk ɗaya ne a wurina.

Abu guda uwata ta kafa mini da ban taɓa sakewa ba. Ta ce kada in ajiye allura babu zare a jikinta, domin gidan yara ne kuma yara ba sa sa takalmi. Allura in ta faɗi ba a ganinta, amma zare ana gani. Saboda haka duk allurar da na gama aiki da ita sai in zura mata baƙin zare mai tsawo, in ƙulle bakinsa don kada ya zare. Baƙi nake zaɓa domin simintin tsakar gidanmu fari-fari ne. Shekara da shekaru ina yin haka, ba yaron da ya taɓa taka allurata.

To, ana nan sai aka kawo wata yarinya ɗakin da ke kusa da famfo, matar wani direban trotro, motar nan ta haya. Amarya muke ce mata, har bayan amarcin ya tsufa. Cikinta na fari ya zube, ta yi kuka ta haƙura. Da na biyu ya zo sai ta ɓoye shi, ba wanda ta gaya wa sai ni, ni ma don rigunanta sun fara matse ta ne. Ta kawo mini su a cikin leda, ta roƙe ni kada in ajiye su a taga mutane su gani su fara lissafi. Na farke gefe da gefe, na ƙara ƙyalle mai kama da su, na ɗinke. Duk sanda suka sake matsewa sai in ƙara, kuma da kaina nake kai mata har ƙofa, a naɗe cikin mayafina. Kaka take ce mini. Takan zauna kusa da ni tana zura mini zare in idona ya ƙi.

Da cikin ya tsufa, uwar mijinta ta zo daga arewa don ta zauna da ita har a sauka. Mace ce mai tsabta, mai tashi da tsintsiya tun kafin a gama sallar asuba. A makon da ta zo, amarya ta ɗan ga jini aka kai ta asibiti, aka ce ta huta. Washegari matar nan tana shara ta ɗaga tsumman goge ƙafa na bakin ƙofarsu, sai ga allura, da baƙin zare, da ƙulli.

Ba ta yi ihu ba. Ta sa ta a murfin kwano, ta bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya tana nunawa. Da ta iso gare ni ina zaune a ƙofata da faci a cinya, na leƙa murfin na gane abata.

Na ce, "Tawa ce. Allah ya yi miki albarka, tun jiya nake nemanta."

Na miƙa hannu. Ta janye murfin, ta dube ni, ta dubi gwangwanin allurorina da ke buɗe, kowace da baƙin zarenta da ƙullinta. Ta juya ta tafi.

Daga ranar bakin tagata ya bushe. Yaran da ke zuwa tsintar ƙyallaye a gindina, iyayensu suka riƙa kiran su da sunayensu tun daga nesa. In na doso famfo sai Hausa ta ƙare, kowace ta koma yaren garinsu. Ba wadda ta faɗi kalmar a gabana, amma bangon ɗakunanmu ba ya riƙe magana. Na ji an ce sammu ne. Na ji an tuna cewa ni na ɗinka wa cikin amarya na fari hula, kuma cikin bai zauna ba. Gaskiya ne, na ɗinka. Na ji an ce a dubi jan idona, idon da hayaƙin koko ya dafa tun kafin a haifi masu maganar. Daga nan na ji mayya.

Mai gidan, wani Alhaji da ya gaji gidan daga mahaifinsa, ya tara mu bayan la'asar. Mutum ne mai son zaman lafiya fiye da son gaskiya. Ya ce ba wanda yake zargin kowa, amma don hankalin mai ciki ya kwanta, in daina ɗinki a waje. In ya zama dole, in shiga ɗaki in ja ƙofa. Ya tambayi amarya ko tana da magana. Na dube ta. Ta san rigunan da ke jikinta, ta san wadda ta kai mata su har wannan ƙofar, ta san allura takan maƙale a ƙyalle ta bi shi. Ta sunkuyar da kai, surukarta ta amsa a madadinta.

Na ce, "Alhaji, ɗakina babu haske, wannan ɗaya. Na biyu, in na shiga na rufe ƙofa da allura a hannuna, me za su ce ina yi a ciki?"

Ya ce in yi haƙuri. Na ce haƙuri ina da shi, amma ba zan shiga ba.

Maganar ta kai unguwar Alajo, inda babban ɗana yake zaune da iyalinsa. Ranar Juma'a ya zo daga masallaci kai tsaye, ko zama bai yi ba. Ya ce in haɗa kayana, ya share mini ɗaki. Ya ce ya ga abin da ake yi wa tsofaffin mata in wannan suna ya kama su, kuma ba zai jira ya ga uwarsa a wayar mutane ba. Tsoronsa na gaskiya ne, ban ga laifinsa ba. Amma ya sunkuya ya ɗauki gwangwanina, ya ce wannan kuwa babbar gwata, magudanar ƙazantar unguwa, zai jefa shi.

Na ce, "Ajiye."

Ya ce, "Mma, allura ce fa. Saboda allura za ki bari a taɓa ki?"

Na ce, "In na bi ka yau, gobe za a ce mayya ta gudu. Kai ɗan mayya, 'ya'yanka mata jikokin mayya. Ranar da aka zo neman aurensu, nan gidan za a zo tambaya. Ajiye mini gwangwanina."

Ya ajiye. Ya tafi da fushi, bai ci abincin da na zuba masa ba.

Washegari da hantsi na ɗauki kujerata daga bakin ƙofata, inda take tun ina da ƙarfi, na kai ta tsakiyar tsakar gida, ƙarƙashin igiyoyin shanya, inda duk mai zuwa famfo sai ta kewaye ni. Ba ni da kayan kowa, sai na zazzage buhun ƙyallayena na fara haɗa su, ƙarami da babba, atamfa da shadda da guntun yadin makaranta, ba tare da na san me zai zama ba. Da baƙin zare nake ɗinkin. In na gama sai in ɗaga allurar sama, in zura mata zarenta, in ƙulle, in ce da murya, ba da kowa ba, ga allurata na mayar gwangwani. In rufe murfin da ƙarfi. Alhaji ya wuce ya gan ni, ya gyara hula, ya ci gaba da tafiya.

Kada a ɗauka ban ji tsoro ba. Na ji. Na san in cikin nan ya sake zubewa, ba taron la'asar za a yi ba. Kowace safiya kunnena yana ƙofar amarya har sai na ji motsinta. Na yi wa cikin nan addu'a fiye da yadda na yi wa cikina, kuma Allah ya san rabin addu'ar don yarinyar ce, rabi don kaina. Damina ta shigo, ruwa ya riƙa kora ni ƙarƙashin kwanon rufi, yana ɗaukewa in dawo da kujerata kan jiƙaƙƙen siminti. Abin da nake haɗawa ya yi ta girma har ya rufe mini ƙafafu, ya zama shimfiɗa.

Ana nan, amarya ta sauka lafiya, 'ya mace. Na ɗauka shi ke nan. Ashe ba shi ke nan ba. Surukar ta ce ai don ta tsinci allurar da wuri ne, aka kai wa malam ya karya abin. Ranar suna aka raba goro ɗaki-ɗaki, nawa aka ajiye a ƙasa bakin ƙofa. Na sa zanina mai kyau na je na zauna a tabarmar mata. Dama da hagu aka bar mini fili. Na ci tuwona, na yi wa jaririya addu'a daga inda nake, na tashi.

Bayan an yi arba'in surukar ta koma arewa. Ba a jima ba, wata safiya na buɗe taga sai ga abu fari a naɗe. Gidan sauro ne ƙarami, na jarirai, ƙusa ta kama shi ta yaga daga sama har kusan ƙasa. Ba sallama, ba roƙo, kamar dā. Jaririya ɗaya ce a gidan, ban buƙaci a gaya mini mai shi ba.

Na daɗe riƙe da shi. Sauron babbar gwata ba ya tambayar wa ya yi wa wa laifi, kuma yarinyar da ke kwana a ciki ba ta ce mini komai ba. Don haka na ɗinke. Ina da farin zare, amma baƙi na ɗauka. Na bi yagar nan a hankali, ɗinki ƙanana a matse yadda ko ɗan sauro ba zai ratsa ba, har layin ya fito baƙi ƙirin a jikin farin, ana hango shi daga ƙofar gida. Ban mayar taga ba. Na rataye shi a igiya, daidai saman kujerata, na zauna a ƙarƙashinsa.

Amarya ta leƙo da hantsi ta koma. Ta leƙo da azahar ta koma. Da yamma ta yi, mata suka fito da murhunan gawayi, kowace a ƙofarta tana fifita wuta, sauro ya fara kuka. Sai ta fito da goyonta, ta ratsa tsakar gida, ta tsaya a gabana, ta miƙa hannu sama.

Na ce, "Na wa ne?"

Ta ce, "Na 'yata ne, Kaka."

Na ce, "Ban ji ba, 'yar nan. Kunnen ya tsufa."

Ta sauke hannu. Ta dubi ƙasa kamar ranar taron Alhaji, na ɗauka juyawa za ta yi. Sai ta ɗago, ba ni ta kalla ba, murhunan ta kalla.

Ta ce, "Rigunan da na sa har na haihu, Kaka ce ta buɗa mini su. Da hannunta take kawo mini har ƙofa. A cikinsu allurar ta zo. Na sani tun ranar."

Matar wani Bazabarme ta ci gaba da tuƙin tuwonta, wata ta shiga ɗaki ɗauko gishirin da ba ta buƙata. Amma sun ji, domin fifita ta tsaya. Na miƙe da kyar, na sauke gidan sauron, na naɗe, na ba ta. Ta juya mini baya don in ga fuskar yarinyar. Ran nan na fara ganinta kusa.

Ba kowa ne ya dawo ba. Akwai mata biyu da har yau in sun gaishe ni ba sa tsayawa jin amsa. Bakin taga ya fara cika a hankali, wandon makaranta tukuna, daga baya zannuwa. Ɗana ya zo ya gan ni a tsakiyar gida, ya ce tunda an gama ai sai in mayar da kujera inuwa. Na ce nan ta zauna, hasken ya fi.

Allurar kuwa na tambayi amarya inda take. Ta ce surukarta ta tafi da ita arewa a ƙulle cikin leda. Na ce in sun yi waya ta gaya mata ina son abata. Allura ce mai kyau, kafarta da faɗi, ita kaɗai nake iya zura wa zare ba tare da na nemi taimakon kowa ba.