Ranar da Aka Buɗe Rumbun Baba Isufu

Har gobe ban manta da ranar da aka buɗe rumbun Baba Isufu ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci. Ku sabbin shiga, ku aje wayoyin nan ku saurare ni.

A lokacin ina ma'aikaciyar bincike a wani shirin tallafa wa matalauta, buronmu, wato ofishinmu, a nan Zinder. Da can, dattawan gari ke zama su fitar da gidajen da za a ba kat, wato katin karɓar hatsi a tsakiyar damina, sanda abinci ke yankewa. Sai aka yi ƙorafin son kai, kuma gaskiya akwai shi. Manya suka ce an gyara tsari: daga yanzu abin da ido ya gani kaɗai za a duba. Rufin kwano, akuya, amalanke, rumbu, a ɗauki hoto, na'ura ta yanke hukunci. Gidan da ke da rumbu a liƙe, wai yana da abinci, an cire shi. Wanda bai yarda ba ya kawo ƙara, a tabbatar a gaban taron gari.

Cikin bazara aka tura mu wani ƙauye a yankin Zermu. A gidan Baba Isufu, wani dattijo da ke riƙon jikokinsa marayu da uwarsu, na tarar da rumbu tsaf, baki a liƙe da laka, ga sabuwar jinka. Na tambaye shi yaya cimaka.

"Alhamdu lillahi, 'yata, muna cikin rufin asiri," in ji shi.

Na ɗauki hoto. Zan fita ke nan, sai Hadiza, matar marigayin ɗansa, ta ja ni bayan danga.

"Madam, don Allah kada ya ji. Rumbun nan ba ko zangarniya a ciki. Tun bara yake liƙe shi fanko, yana canza masa jinka, don kada a sani. Shi ne fa mai ba mutane iri a garin nan da can. Tafasa muke ci da dusa, yaran har sun daina wasa."

Na koma wajen shugaban tawagarmu, Shef Mutari, na faɗa masa komai. Na ce mu leƙa mu biyu a asirce, mu shaida, shi ke nan.

"Madam Zuwaira, doka ta ce a gaban taro."

"Shef, tsohon nan fa kunya ce ta rage masa."

"In na yi masa a ɓoye, gobe a ce na ci hanci. Kunya za su ci ko hatsi?"

Kai! Ban ce Shef mugu ne ba, tsoron kujerarsa yake. Amma wanda ya zauna cikin sanyin buro ya rubuta wannan sharaɗi, ina tantama ko ya taɓa tsayawa kusa da rumbu.

Ni aka aika in gaya wa tsohon cewa ba kat sai an buɗe rumbunsa a gaban taro. Ya dubi ƙaramar jikarsa tana tsotsar yatsa a gindin danga, sannan ya ce, "To. A kira mutane."

Bayan la'asar gari ya taru, har da waɗanda ya taɓa ba iri. Samari suka matso za su hau, ya ce a'a, da hannunsa ya liƙe, da hannunsa zai buɗe. Ya taka tsani, ya ture jinka, ya sa fartanya ya fasa lakar. Ƙura ta taso, sai warin kashin ɓera. Maigari ya leƙa, ya sauko ya koma gefe. Liman ya sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska tana salati. Shef ya yi mini nuni in hau in ɗauki hoto.

Ina saman tsani Baba Isufu ya ɗago kai ya ce, "'Yata, ɗauka da kyau, kada a ce bai fito ba a sake tara mini mutane."

Na ɗauka, hawaye na zuba a kan na'urar gwamnati, ban ko share ba.

Ya samu kat ɗinsa, yaran sun ci tuwo a daminar nan. A buro aka yaba mana, wai ga shaidar sabon tsari na aiki. Ni kuwa da na koma garin da kaka, na tarar ya rushe rumbun. Hadiza ta ce ya daina zama a dandali, a masallaci ma sahun baya yake tsayawa, ana sallamewa ya sulale.

Na rubuta ƙorafi, na faɗa a kowane taro, har aka sa mini suna Madam Rumbu. A kira ni da shi, ban damu ba. Gyara yana da kyau, ban ce a koma gidan jiya ba. Amma a nan Damagaram mai yunwar gaske ba ya kuka a bakin hanya, sabuwar jinka yake ɗorawa. Saboda haka in kun shiga gida aka ce muku "muna cikin rufin asiri", ku zauna, ku sha ruwa, ku saurari matan gidan. Hatsi muka kai wa Baba Isufu, kuma ya biya mu da abu ɗaya da ya rage masa.