Wayar da Na Yi Shanya a Kanta

Matso kusa ka ji, don labarin nan ban cika son faɗinsa da ƙarfi ba. Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, wannan yini ɗaya ba zai fita daga raina ba.

Mahaifiyata mutuniyar Bune ce. Zuwanta na ƙarshe gidana a Gure, maigida ya zaunar da ita gindin bishiyar bedi, wato dogon yaro, ya ɗauke ta bidiyo kwana uku a jere. Rana ta farko ta lissafo kakanninmu, ta biyu ta yi waƙoƙin niƙa da barbarci, ta uku kuwa ni ta sa gaba tana yi mini nasiha da sa albarka. Ba ta ga daminar shekarar ba. Bidiyon nan uku suna cikin tsohuwar ordinatar ta maigida, wato kwamfuta, ba su wani wuri kuma a duniya.

Ni ban yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ina sharar ɗakinsa na ji ordinatar tana wani ƙas, ƙas, kamar kaza na tsattsagar faranti. Na faɗa masa, ya ce tsufa ne, shi ma haka gwiwarsa take yi. Sai da ƴata ta fari ta zo hutu daga Damagaram, inda take aikin irin waɗannan na'urori. Ta kasa kunne, na ga fuskarta ta sauya.

"Inna, tun yaushe take wannan ƙara?"

"Ya kai sati biyu."

"Abin da ke riƙe da bidiyon Iya ne yake mutuwa. Yau za a kwashe su. In ta tsaya, ba lalle ta sake tashi ba."

Ramukan da ake soka kile, ɗan abin nan na kwasar bayanai, a jikin tsohuwar sun daɗe da lalacewa, don haka hanya ɗaya ta rage. Akwai sabuwar ordinatar a falo, kuma wata doguwar waya mai ruwan toka, kabul suke ce mata, ta ratsa tsakar gida ta sama ta haɗa su biyun, ta bi ta wani ɗan akwati mai ƙyafta fitilu a ɗakin maigida. Ta nan bidiyon za su bi.

Bayan azahar ƴata ta fara kwashewa, ga zafin bazara. Ta dubi allon ta yi salati a hankali.

"Wai awa goma sha tara. Aikin da bai kamata ya wuce rabin awa ba."

"Za ta kai?" na tambaya.

Sai ta miƙo mini mafici ta ce in yi wa ordinatar fifita. Ta rufe duk abin da ke buɗe a ciki, bai sauya ba. Ta kashe ɗan akwatin ta kunna, ta zare wayar ta hure bakinta ta mai da ita wani rami, ta sake daga farko. Awa goma sha takwas. Sai ta durƙusa ta ƙura wa fitilun ido.

"Baba, wannan kore ya kamata ta nuna, ga ta ruwan lemo. Hanyar ce ke rarrafe. Akwai wanda ya taɓa wayar nan?"

"Ni na ja ta da hannuna," in ji maigida. "Ba abin da ya same ta."

Na ci gaba da fifita. Gaskiyar ita ce igiyar shanyata ta tsinke tun da sanyi, kuma duk ran da maigida ya fita, kan wayar nan nake baza jiƙaƙƙun zannuwa. Sau biyu yana hana ni. Har wayar ta saki, bawonta ya tsage daidai ƙusar da ke bayan rumfa, na ga ƴan siraran wayoyi masu launi a ciki, ɗaya ta kusa rabuwa. Na naɗe wurin da tsumma na ja bakina.

Yanzu in na tuna, mamakin kaina nake. Mace da ƴa mai aiki, amma tsoron faɗan miji da kunyar ƴar fari suka ɗaure mini harshe. Ina ce wa raina ƙila ba shi ba ne, ƙila yarinyar ta gano wani abu dabam. Haka na zauna ina kallonta tana lalube har aka kira la'asar.

Ni na fara jin ƙarar ta sauya. Bayan kowane ƙas sai wani siririn kuka ya biyo, kamar numfashin mara lafiya. Na san irin numfashin nan, na zauna kusa da shi a Bune. Maficin ya faɗi daga hannuna.

"Ke, ni ce. Shanya nake yi a kanta. Je ki duba bayan rumfa."

Maigida ya dube ni. "Zane nawa?"

"Wani lokaci har da bargo, Malam."

Ƴata ba ta ko je dubawa ba. Ta ce wa ubanta ya kama mata, suka ɗauko sabuwar ordinatar daga falo suka dire ta gefen tsohuwar. Ta zaro wata gajeriyar waya daga jakarta ta haɗa. Fitila ta koma kore. Minti ashirin da biyar.

Bidiyo na farko ya wuce. Na biyu ya wuce, ina ta hailala a ƙasan maƙoshi. Na uku ya kai tsakiya, sai ƙarar ta ɗauke. Shiru irin wannan ban ji shi ba tun ran da aka fita da Iya. Ƴata ta danna, ta sake dannawa, daga baya har Damagaram ta kai tsohuwar ordinatar, ba wanda ya iya tashinta.

Kakannina suna nan, waƙoƙin niƙa suna nan, jikokina na kallo suna dariyar haƙoran Iya. Albarkar da ta sa mini kuwa, a kunnena kaɗai ta rage. Kashegari maigida ya sayo igiya ya ɗaura mini da kansa, bai yi mini faɗa ba. Da ya yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya shi ne, in mai gyara ya tambaye ka, ba shi gaskiya tun tambayar farko, don shirunka ma yana da abin da yake ci. Ni tsakanin azahar da la'asar ya cinye mini muryar uwata tana sa mini albarka. Kai fa, me ka naɗe da tsumma kana jiran kada a tambaya?