Numfashin Injin Niƙa Biyu

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don duk sanda na ɗauki biro sai in mayar in ajiye. Amma abu ne da ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

Zamanin da arzikin man fetur ya fara shigowa, wani Alhaji a Birnin Kudu ya sayo injin niƙa na biyu, ya kafa shi kusa da tsohon, ya ɗauke ni in kula da sabon. Tsohon kuwa yana hannun wani dattijo mutumin Fagam ta ƙasar Gwaram. Da muka tayar da su tare, sai na ji ƙara tana kumbura tana sacewa, wuu, wuu, kamar numfashin majinyaci. Kwana uku ban ci abincin kirki ba, ina ganin ƙarfe zai fashe a kan matan da ke layi.

Rana ta huɗu na ce wa dattijon, "Baba, kashe naka mu ji." Yana kashewa numfashin ya ɗauke. Ban gwada kashe nawa ba, na ruga na gaya wa Alhaji dattijo ya lalata inji.

"Haba ɗana," in ji dattijon, "shekara bakwai ina tare da shi, ko tari bai taɓa yi ba." Alhaji bai saurare shi ba, ya sallame shi.

Aka kira makanike ya kwance tsohon injin bai ga komai ba, aka mayar, numfashi ya dawo. Ana nan wani malamin kimiyya ya kawo niƙan masara, ya kasa kunne, ya yi dariya. "Malam, lafiyarsu ƙalau. Gudunsu ne ya kusa zama ɗaya. In bugunsu ya haɗu ƙara ta ƙaru, in ya saɓa ta ragu. Kashe naka ka ji." Na kashe, numfashi ya ɗauke. Ya sa na tayar, ina rage gudu kaɗan-kaɗan, numfashin ya riƙa yin tsawo har ya ɓace. Nan na gane na zalunci dattijon.

Na faɗa wa Alhaji gaskiya, na hau keke har Fagam. Aka ce dattijo ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar Gwaram. Tun daga nan ba na ɗora wa kowa laifi sai na fara bincika nawa ɓangaren.

Don Allah, wanda ya san inda wannan bawan Allah ya koma, ko 'ya'yansa, ya sanar da ni. Gafara nake nema.