Motar da Ezekiel Ya Bari

Mutanen Gyaɗi-Gyaɗi sun san Malama Ladi, ko da ba su san sunanta ba. Gajeruwar mace ce 'yar Kagoro, ta fi shekara ashirin tana koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Tarauni. Mijinta Ezekiel ma'aikacin gwamnati ne. Ya rasu bayan gajeriyar jinya, ya bar mata 'ya'ya biyu, Janet da ɗan'uwanta, da ke karatu a Jos, da wata tsohuwar mota ruwan toka. Sai bayan rasuwarsa Ladi ta koyi tuƙi, kuma ba ta taɓa matsar da kujerar direba ba. Yadda ya saita ta haka ta bar ta, sai dai ta cusa matashi a bayanta don ƙafarta ta kai birki.

Ezekiel mutum ne mai gudun tsautsayi, shi ya sa ya yi wa motar babbar inshora, wadda ta haɗa har da sata. Ladi ta ci gaba da sabunta ta duk shekara da sunansa, don babu wanda ya ce mata a canza.

Wata Laraba da azahar ta tsaya a bakin wani kantin magani a Zoo Road. Ba ta yi minti goma a ciki ba. Da ta fito sai ta tarar da adaidaita sahu a inda ta ajiye motar. Sau uku tana zagaya layin da makulli a hannu, tana cewa ko mantuwa ta yi. Daga baya wani dattijo mai sayar da lemo ya ce mata ya ga wani mutum ya buɗe motar ya ja ta, hankalinsa kwance.

"Wallahi Madam, na ɗauka maigidanki ne," in ji shi.

Wannan magana ta fi satar tsaya mata a rai.

Ta kai ƙara wurin 'yan sanda, ta karɓo takarda, ta kai ofishin kamfanin inshorar. Ma'aikacin da ya karɓe ta, Anas, ya ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki, sati shida an gama."

Sati shida ya wuce, wata uku ya wuce. Sannan waya ta fara shigowa daga babban ofishinsu na Legas, kullum da sabuwar murya.

"Don Allah Mista Ezekiel muke nema."

"Ya rasu, shekara uku ke nan."

"Ayya, sannu. To amma sai shi mai motar ya sa hannu."

Ta yi wannan bayani har ta daina ƙirga. Duk sanda ta ajiye waya sai ta ji kamar ranar aka yi rasuwar. A ƙarshe Anas ya ce tunda takardu da sunan mamaci suke, sai ta kawo shaidar kotu cewa ita ce ke riƙe da gadonsa. Kotu ta ce sai dangin miji sun zo, dangin kuwa suna Kagoro suna fama da gona.

A cikin wannan jira ne ta fara ganin kamar Ezekiel take hangowa. Duk mota ruwan toka da ta gifta, sai ta ga kamar ƙeyarsa ce a bayan sitiyari. Wata rana da ta taso daga makaranta, ta hango wata a mahaɗar Tarauni, har da lotsewa a gefe irin tata. Ta dafa kafaɗar mai adaidaita ta ce ya bi ta. Suka bi har Unguwar Gano. Motar ta tsaya a ƙofar wani gida, wani baƙon mutum ya fito riƙe da ledar burodi yana kallonta. Ta ba shi haƙuri, ta koma cikin adaidaitar ta zauna.

Maƙwabciyarta Hajiya Maimuna ce ta lura. Ta shigo da kwanon tuwo ta ce, "Maman Janet, kin rame. Gobe tare za mu je ofishin nan."

A lokacin takardar kotu ta riga ta fito, an kai wa kamfanin tun wata biyu da suka wuce. Washegari da suka isa ofishin inshorar, Hajiya Maimuna ta zauna a benci ta ce ba inda za su sai sun ga manaja. Da aka bincika, ashe wanda ke riƙe da fayil ɗin a Legas ya bar aiki, ba wanda ya sake buɗe shi.

Bayan sati uku Anas ya kira ta ta zo ta sa hannu a takardar ƙarshe. Ya karanta mata cewa da zarar an biya ta, ko an ga motar, ta kamfani ce.

Ladi ta riƙe biro, ta ɗago kai.

"Ko an gan ta, ba za a ba ni ba?"

"A'a, Mama. Haka ƙa'idar take."

"Tabaransa na karatu yana cikin akwatin gaba. Ban taɓa ciro shi ba. In an gan ta, shi dai a ba ni."

Anas ya dube ta, ya jawo takardar, ya rubuta hakan da hannunsa a ƙasa, ya buga hatimi. Sannan ta sa hannu.

Wata goma sha huɗu bayan satar aka biya ta. Ɗanta ya matsa mata ta sayi wata motar, ta ce ita ta gama tuƙi. Har yau ba a ji labarin motar ba. Ladi tana nan tana zuwa makaranta a adaidaita sahu, Hajiya Maimuna kuwa takan leƙo da safe ta tabbatar ta karya kafin ta fita.